Malam Mai Bin Gidaje

Lahadi, ƙarshen mako na biyu da buɗe makaranta

Zuwa ga Kaka Malama,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar jikan da ya daɗe bai gaida kakarsa ba. Da fatan kina lafiya, da fatan gwiwar da Inna ta ce tana damunki ta yi sauƙi. Ni lafiyata ƙalau, in ban da murar da ta tarbe ni makon da na iso.

Na san za ki yi mamakin takardar nan, don sau uku kacal muka taɓa haɗuwa, biyu a ciki ma a gidan rasuwa ne. Ke da marigayiya kakata 'ya'yan wa da ƙani ne. Ni ne jikanta dogon nan da kika ce ya daina sunkuyar da kai kamar mai neman allura. Inna ce ta ba ni adireshinki, ta ce kada in wahalar da kaina da waya, kunnenki ba ya ɗauka.

Kaka, na samu aikin koyarwa a babban birni. Aji huɗu na firamare aka ba ni, yara hamsin da takwas. Zangon farko na gwaji ne. In hedimasta ya gamsu a ƙarshensa a tabbatar da ni, in bai gamsu ba in kama gabana. Shekara biyu na yi ina neman aikin nan, kuma duk dangi babu malami sai ke, shi ya sa na kawo kukana.

Ɗakina ɗaya ne a hawa na uku, tagarsa bangon wani ginin take kallo. Mota biyu nake hawa kafin in kai makaranta. Maƙwabcina na gaishe shi sau huɗu, sau huɗun da kai ya amsa. A ɗakin malamai kowa da wayarsa, ni kuma ina cin burodina a aji lokacin tara. Wallahi akwai ranar da in ban da yara ban yi magana da kowa ba.

Yaran ma ba su san ina yi ba. Ina gaban allo ina zuba, kamar mai ɗiban ruwa da kwando. Ana kaɗa ƙararrawar tashi sai motoci su kwashe su, ban san inda suke zuwa ba, ban san daga ina suke fitowa ba. Ke da kika yi shekara talatin da huɗu da alli a hannu, yaya kika riƙe aji?

Jikanki.

*

Angona,

Wa alaikumus salam. Ashe ina da miji a birni ban sani ba? Shekara nawa ka bar ni ba ko sabulu, sai da aji ya gagare ka ka tuna da tsohuwar matarka. To na yafe, don rubutunka yana da kyau, ka kuma san inda ake sa aya. Gwiwa tana nan, ni da ita mun saba. Kunne kam tare muka yi ritaya.

Kada ka nemi kwanan wata a saman takardata. Shekara talatin da huɗu ina rubuta shi a kusurwar allo kowace safiya. Ranar da na ajiye alli na rantse na gama, Litinin da Alhamis duk ɗaya suke a wajena yanzu.

Ka ce ba ka san daga ina yaran suke fitowa ba. To ai ka faɗi ciwonka da bakinka. Zumunci a ƙafa yake, koyarwa ma a ƙafa take. Ni duk shekara, zangon farko, gida biyu nake shiga kullum bayan an tashi, har sai na gama da ajin kaf. Ba na aikawa a ce ina zuwa, don in ka aika sai a share maka gida a sa wa yaro rigar fita. Ina yin sallama, a shimfiɗa mini, in zauna in buɗe ido.

Akwai yarinyar da malamai uku suka daka kafin ni, wai taurin kai, ana kira ba ta amsawa. Na je gidansu na ga uwarta duk za ta yi mata magana sai ta zagayo ta hagu. Ashe kunnen dama ne a toshe. Na sauya mata wurin zama, shi ke nan fa, ita ta zo ta uku a ajin. Wannan ba a littafin koyon malanta za ka same shi ba.

Yaron da ya gan ka zaune a gidansu kana shan ruwa da kofinsu ba zai ƙara yi maka ihu a aji ba. Ka ɗauki rajista, adireshi yana ciki, ka sa takalmi mai daɗin tafiya. Kuma ka ɗaga kan nan naka.

Ka gaida uwarka in kun yi waya.

Kakarka, kuma uwargidanka.

*

Asabar, ƙarshen mako na biyar

Kaka Malama,

Gaisuwa mai yawa, da fatan gwiwa ta bar ki kina barci. Ni lafiya lau. Sabulu kuma ki ƙara haƙuri, angon naki bai tsaya da ƙafarsa ba tukuna.

Na bi maganarki. Gida goma sha ɗaya na je a kwana tara. Biyu kullum ba ta yiwuwa a nan, don wani yaron sai ka yi awa ɗaya da rabi a mota kafin ka kai unguwarsu. Ashe yarana ba su san gidajen juna ba ma.

A sha ɗayan nan ƙofa huɗu aka buɗe mini. Wata uwa ta tsaya a bakin ƙofa da sarƙar kulle ƙofar a maƙale, ta ce, "Me ya yi?" Na ce bai yi komai ba, gaisuwa na zo. Ta ce, "In darasin gida kake talla, muna da mai yi." Wani uban ya sa na nuna katin makaranta, ya ɗauki hotonsa. A wani ginin kuma maigadi ne ya tare ni, ya ce ba a hawa sai mai gida ya yi waya ya ce a bari, kada ya ƙara ganina a wurin.

Amma ki ji na ƙarshen. Wani tsoho, kakan ɗaya daga cikin yarana, ya jawo mini kujera ya dafa shayi. Mun fi awa muna hira, a kan ciwon baya da tsadar haya da komai. Kaka, rabona da in zauna a gidan mutane tun da na bar gida. Na fito ina jin kamar an sauke mini kaya. Jikan nasa kuma ranar Litinin shi ya share mini allo ba a sa shi ba, kin ga maganarki ta fito.

Abu ɗaya ke damuna. Akwai wata 'yar ƙarama da ke zama bakin taga, ba ta magana, zane take yi a bayan littafinta. Ita kaɗai ke ce mini sai gobe in an tashi. Yau kwana huɗu ke nan ba ta zo ba.

Jikanki.

*

Laraba, mako na bakwai

Kaka,

Ina gaisuwa, da fatan kina lafiya. Ban ga amsar waccan ba, amma wannan ba za ta jira ba.

Jiya hedimasta ya kira ni ofis. Iyaye uku sun kawo ƙara. Ɗaya ya ce matarsa ba ta nan, ƙanwarta ce ta buɗe, ta tsorata da ganin baƙon namiji ya san sunan yaro da lambar ƙofa. Wani ya ce wa ya ba ni izinin kwafe adireshinsa daga rajista. Hedimasta bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Ya ce, "Malam, a ina aka koya maka wannan?" Na ce wajen kakata. Ya cire tabarau ya dube ni ya ce, "Nan ba garin kakarka ba ne. Adireshin yara amana ce aka ba makaranta. In kana son ganin iyaye, akwai fom, ofis zai kira su."

Ya ba ni takardar gargaɗi na sa hannu. Ya ce in aka ƙara ganina a ƙofar wani ɗalibi, ko sau ɗaya, kada in jira ƙarshen zango in ji sakamako. Da na fito, malamai biyu suna dariya a baranda, na ji ɗaya ta ce ga Malam mai bin gidaje. Sunan da suka fara kirana da shi ke nan a makarantar nan, kafin shi ba su kira ni da komai ba.

To ga yarinyar bakin taga, yau kwana goma sha biyu na makaranta kujerarta wayam. Na cike fom ɗin na ajiye a tiren ofis, shiru. Kullum in na kira sunanta a rajista sai ajin ya yi tsit, in sa alamar ba ta zo ba. Ina tuna yarinyarki mai kunnen dama. In wani abu ne ya same ta fa, ni kuma ina nan ina jiran fom?

Kaka, aikin nan shi ne duk abin da nake da shi. Amma ke kika san wannan hanya. In je ko kada in je? Abin da kika ce shi zan yi.

Jikanki.

*

Angona,

Takardarka ta iso, na karanta sau uku, har na karanta wa gwiwata. Muna lafiya, ruwan sama ne dai ya sa ta kumbura kwana biyu.

Gida goma sha ɗaya! Kai, jinina ne kai, ko da ta nesa. Kada ƙofofin da aka rufe su karya maka zuciya. Ni ma shekarata ta farko akwai wanda ya sakar mini kare. Sannu ba ta hana zuwa. Tsohon nan mai shayi ka riƙe shi da kyau, irinsu ne ke gyara wa malami suna a unguwa.

Shi kuwa wanda ya tare ka ya ce kada ya ƙara ganinka, ɗan aiki ne irinka, abin da aka sa shi yake yi. Kai ma yi naka. Ka gaishe shi da ladabi ka koma. Irin waɗannan bakinsu ya fi cizonsu, ranar da ya ga amfanin zuwanka shi zai riƙa buɗe maka hanya.

Maganar 'yar bakin taga ce ta hana ni sukuni. Yaro mai surutu in ya ɓace kowa zai ji, shiru-shiru ne ke ɓacewa ba a sani ba. Kada ka tsaya neman izinin kowa. Ranar da takardar nan ta same ka, ranar za ka je. Malamin da ke tsoron ƙofa gara ya koma sayar da alli.

Ka rubuto mini abin da ka tarar.

Uwargidanka.

*

Juma'a, mako na goma

Kaka Malama,

Ina gaishe ki. Da fatan kumburin ya saɓe. Ni jikina lafiya.

Na je. Ranar da takardarki ta zo na je, kamar yadda kika ce. Mota uku na hau. Ginin hawa tara ne, su suna na bakwai, na bi bayan wata mai kaya na wuce maigadi. Uban ne ya buɗe. Na ce ni malamin 'yarsa ne, na ga ba ta zuwa, na zo in ji ko lafiya.

Lafiyarta ƙalau, Kaka. Tana zaune a kan kafet da kayan wata makarantar a jikinta tana cin lemo. Sun sauya mata makaranta ne, wadda ke kusa da wajen aikin uwarta. Uban ya ce tun mako na biyar ya kai takarda ofishinmu, an buga hatimi an ba shi. Ta leƙo ta bayan ƙafarsa ta ce, "Baba, malaminmu ne na da." Ta koma ga lemonta.

Uban ya tambaye ni yadda na samu gidansa. Na faɗa masa gaskiya. Kafin in sauko ƙasa ya kira makaranta.

Hedimasta ya ce zan ƙarasa zango don kada yara su zauna ba malami, daga nan shi ke nan. Ya ce zai rubuta mini takarda cewa wa'adina ne ya cika, ba zai sa dalili ba, iyakar abin da zai iya yi mini ke nan. Na yi godiya. Da zan fita ya ce, "Magatakarda tana nan, taku goma daga ajinka. Da ka tambaye ta da baki, da ta gaya maka."

Wannan maganar ce ta fi korar zafi, don gaskiya ce. Mako goma ina wuce teburin matar nan, ban taɓa tsayawa ba. Fom na ajiye mata a tire na gudu, don ina jin kunyar a kalle ni. Amma na iya hawa mota uku zuwa ƙofar wanda bai san ni ba.

Da farko na yi fushi da ke, ba zan ɓoye ba. Na ce na gaya mata aikina yana cikin haɗari, ta ce in je. Daga baya na sake karanta takardarki, na ga ko sau ɗaya ba ki ambaci hedimasta ko gargaɗi ba. Tun ranar farko ma na lura, na ƙi lura. Ina son in je ne. Tun ranar da tsohon nan ya jawo mini kujera, duk ƙofar da na ƙwanƙwasa kujera nake nema, ba yaro ba. Kaɗaici ne, Kaka, na sa masa rigar aiki.

Saura mako biyu a yi jarrabawa. Ajin ya fara saurarona, abin dariya, yanzu da zan tafi. Akwai makarantu biyu a can ƙarshen birni da na ji suna neman malami zango mai zuwa, amma zuciyata ta mutu. Ban gaya wa Inna ba tukuna. Ina ganin in tattara in dawo gida kawai. Me kika gani?

Jikanki.

*

Jikana,

Yau ba angona, ba ni da bakin wasa. Ina gaishe ka, ina yi maka jaje. Lafiyata kada ta dame ka.

Takardarka mai labarin gargaɗi ta iso hannuna kwana goma sha ɗaya bayan na aika tawa. Ta kwana a gidan waya, ni kuma gwiwa ta hana ni zuwa dubawa. Wadda ka karanta amsar ta mako na biyar ce. Maigadi nake nufi, ɗan nan, maigadi. Da na ga ta gargaɗin na rubuta maka a tsaye cewa kada ka je, ka riƙe aikinka, na biya kuɗin gaggawa. Ina jin ta same ka bayan aikin gama ya gama. Da na sa kwanan wata, layi ɗaya, da ka gane. Rantsuwar banza ta tsohuwa ta ci maka aiki. Ka yafe mini.

Kuma ba nan laifina ya tsaya ba. Na ba ka takalmin da aka ɗinka wa ƙafata. A garin nan ba wanda zai rufe mini ƙofa, don na san uwarsa, wani ma ni na koya wa uban. Ban taɓa tambaya ko suna son zuwana ba. Ban taɓa koyarwa inda ba a san ni ba, sai na zauna ina ba ka fatawa.

Ka ce kaɗaici ne ka sa wa rigar aiki. Na ajiye takardar na daɗe ban ɗauka ba. Mijina ya rasu ina shekara ta shida da fara aiki, Allah bai ba mu haihuwa ba. Kafin ya rasu gida biyu nake shiga a mako. Bayansa ne ya zama biyu kullum, don in an tashi makaranta ba na son in buɗe ƙofar nan in ji shiru. Yara sun amfana, ban ce ba su amfana ba. Amma ni na san abin da ke kai ni, ban taɓa faɗa wa kowa ba, kai kuma ka gane naka a mako goma.

Yanzu maganar dawowa. Makarantar da na yi aiki tana neman malamin aji huɗu. Sabon hedimastan ɗalibina ne, kalma ɗaya zan yi a ɗauke ka. Akwai ɗaki a gidan nan da ba mai kwana a ciki. Kwana uku ina juya wannan a raina, har na sa an share ɗakin. Na faɗa maka ne don kada ka ji daga wani wuri ka ce na ɓoye.

Amma kada ka zo. Na riga na ba ka shawara ɗaya don daɗin raina, ka ga inda ta kai ka, ba zan ƙara ta biyu ba. In ka zo nan za ka bi gidaje a buɗe maka, ka ɗauka ka warke, ka wayi gari irina. Ka kai takardunka makarantun nan biyu tun kafin a rufe. Inda aka ɗauke ka, ranar farko ka tsaya teburin magatakarda ka tambayi lafiyar 'ya'yanta. Ka ɗauki burodinka ka zauna a ɗakin malamai, ko ba wanda ya ɗago. Ka gaya wa uwarka gaskiya da bakinka. In ka yi shekara ka ga ba ta yiwuwa, ɗaki yana nan, ba ya gudu.

Abu ɗaya nake roƙo, shi kam don kaina ne, na faɗa a fili. Ko kana fushi ka ci gaba da rubutowa, ko faɗa ne zan karanta. Gidajen garin nan babu wanda ban shiga ba. Yau wata bakwai ba wanda ya zauna a nawa.

Kakarka.